Ranar da Dabora Ba Ta Nan

Mayahi, ranar Laraba

Uwargijiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ƙaƙa aiki, ƙaƙa sanyin Agadas, ƙaƙa zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau sai godiya. Inna tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi tun da ta bar zuwa rijiya. Kawu yana dajin Tchaké da shanu suna cin kara, na gan shi kwanan baya, ya ɗan rame amma bakinshi na nan yadda kika san shi. Saniyarki mai farin goshi ta haihu, namiji.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Batirin salulata ya lalace, rabin yini tana wurin sharje a shagon Baba na bayan katangar bironmu, mahaifin Hamida da aka sa mana rana. Duk mai shiga shagon yana iya ɗaukarta. Maganar da zan yi miki ba ta salula ba ce, shi ya sa na ba Gazali shofer ya kawo miki hannu da hannu.

Kin san aikina a biron purojen kiwo: shara, shayi, da kunna mashin da safe. Da can, in madam Dabora sakatare ta rubuta sunanta da modepas, kalmar sirrinta, kafin ta aje jaka ordinatar, wato kwamfutar, ta buɗe. Yanzu sai wani ɗan zobe ya fito a allo ya yi ta juyawa. In ɗora shayi ya tafasa, in zuba na fari, in maida na biyu, zoben na nan yana juyawa. In ta gaji ta buɗe, takardun da ke cikin sarber, babbar mashin da ke aje bayanan biro, ba su fitowa sai an yi ta fama. Abin da ya ɗaure mini kai, intanet lafiyarshi lau. Huda, abokiyar aikin Dabora, har wasan kwaikwayo take kallo kafin aiki ya samu. Ba mashin ɗaya ba ce, duka ne, har ta shef Abdulƙarim.

Ga shi lokacin allurar dabbobi ne. Makiyayi ba ya kai shanunshi parkin allura sai ya karɓi takarda a nan. Suna zuwa tun da sassafe su jeru bakin taga, shanu na tsaye a rana ba su sha ruwa ba, mu kuwa muna kallon zobe.

Shef ya kira Mas'udu mai gyara daga Maradi. Mutumin kirki ne, bai yi gaggawa ba, ya bi mashin ɗaya bayan ɗaya. Komi ya buɗe mishi nan take, ya ce bai ga ciwo ba, ya koma. Ranar Talata ya zo, don ita ce ranar da motar puroje ke biyowa ta nan. To Talata kullum lafiya muke. Kuma Talata ce ranar da Dabora ke tafiya Attantané karɓo bayanin masu allura.

Huda ce ta fara faɗi da wasa, wai mashin ba ta son turaren Dabora. Yanzu ba wasa ba ne. Sun bar cin abinci kwano ɗaya. Na iske laya rataye bayan sarber, ban san wanda ya sa ba. Jiya wani tsoho a bakin taga ya ce da ƙarfi, matar can mai zuwa coci ita ke riƙe musu takardu. Ta ji, ba ta ɗaga kai ba. Mardiya, matar nan ita ke riƙe da ɗiyanta tun da mijinta ya rasu, kuma rubutun nan da kike karantawa ita ta miƙe mini shi, don kin san inda na tsaya a karatun lakwal.

Ke kika karanci ordinatar. Ki gaya mini gaskiya: mashin tana iya ƙin mutum?

Naki,
Mutari


Agadas, ranar Lahadi

Bawana Mutari,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin albasar motar Gazali. Ashe ɗan mace ya iya riƙe bik! Ina lafiya, sai ɗan mura. Ka gaishe mini da Goggo, ka ce mata kada ta koma rijiyar nan. Ɗan maraƙina kuma na ƙirga shi, kada in dawo a ce kura ta ci.

Amsarka: a'a. Mashin ba ta san Dabora ba, ba ta san turare ba, ba ta san coci ko masallaci ba. Ka saurara da kyau.

Mashinan bironku ba su san inda sarber yake ba, sunanshi kaɗai suka sani. Kamar baƙo ne ya sauka kasuwar shanu yana neman wani mutum, dole ya tambayi mai masauki ya nuna mishi. Wannan mai masaukin mu muna ce mishi DNS. A biro irin naku sarber ɗin ne da kanshi ya kamata ya zama mai masauki. In aka haɗa mashin da wani na waje, wanda ya san Yamai ya san Faransa amma bai san ɗakin da ke bayanta ba, intanet zai yi aiki sumul. Amma da safe in ta tambaye shi ina sarber, ba shi da amsa. Ta jira, ta sake tambaya, ta jira, har ta gaji ta shiga da abin da ta tuna na jiya. Zoben da kake gani jiran nan ne.

Mas'udu ba shi da laifi, ranar da ya zo ciwon ba ya nan. Abin nema shi ne mi ke canzawa ranar Talata ban da Dabora.

Ga abin da za ka yi. Ka roƙi Dabora, wata safiya da mashin ta wahalar, ta buɗe ƙaramar tagar nan baƙa, ta san ta. Ta rubuta ipconfig /all. Ku nemi layin da aka rubuta Serveurs DNS, ka kwafe mini lambar da ke gabanshi. Ka kuma duba jikin sarber, yawanci ana liƙa lambarshi a takarda, ita ma ka kwafo. Kada ka cire komi, kada ka taɓa layar mutane, ba na son a juyo kanka.

Sai tambaya ɗaya, ka amsa mini da kyau. Ban da buwat ɗin intanet, ɗan akwatin nan da kowane biro ke da shi, akwai wani ƙaramin buwat mai ƴan fitilu, wataƙila da ƙaho biyu, da aka jona kwanan nan?

Ka gaida amarya. Ka ce mata har yanzu tana da lokacin gudu.

Uwargijiyarka,
Mardiya


Mayahi, ranar Jumma'a

Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan murar ta sake ki. Inna lafiya, ta ce ki riƙa shan kunun kanwa. Gazali ya yi kwanaki a hanya, taya ta fashe mishi bayan Tanout, shi ya sa amsar ta jima.

Na yi abin da kika ce. Lambar jikin sarber 192.168.10.2 ce. Wadda mashin Dabora ta nuna gaban DNS kuwa 192.168.0.1. Ko ni na ga ba ɗaya ba ne.

Amma abin ya jawo wani abu. Muna tsaye, baƙar tagar na buɗe, farin rubutu na gudu a cikinta, sai ga Huda ta shigo. Ta tsaya bakin ƙofa da mayafinta a hannu. Ta ce, "Dabora, mi ne ne wanga?" Dabora ta ce, "Dubawa nake." Huda ta ce, "Mu dai a lakwal ba a koya mana baƙin allo ba." Ta juya ta fita. Kafin azahar maganar ta kai wurin masu jira, kafin la'asar ta kai tasha. Mai nama ya tambaye ni wai da gaske ne an kama ta tana rubuta ma mashin asiri. Na ce ni na sa ta. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗin? To ai kai ma ta shanye ka ke nan."

Shef ya kira Dabora bironshi, ina goge taga na ji. Bai yi mata tsawa ba, da ma ya yi da ya fi. Ya ce shi bai yarda da camfi ba, amma ardo biyu sun aiko cewa mutanensu ba za su ƙara tsayawa bakin tagar da take zaune ba, kuma in allura ta lalace shi za a tambaya. Ya ce kwantiraginta na ƙarewa ƙarshen wata, in abin bai gyaru ba kafin nan, ba zai iya rubuta ma Maradi a sabunta ba. Ta ce, "Na ji, shef." Ta fito ta zauna ta ci gaba da aiki. Da aka tashi sai na ga ta ɗauki kofinta da ke kwana nan kullum ta sa a jaka.

Ta ce in gaya miki ta gode, kada ki damu, ba ke ce kika jawo ba.

Tambayar da kika yi ta buwat. A cikin biro babu wani sai na wurin shef.

Mutari


Agadas, ranar Laraba

Mutari,

Salam. Na warke. Takardarka ta hana ni cin abinci, ni na tura matar mutane cikin bakin duniya. Ka ba ta haƙuri.

Lambobin sun nuna abin da na zata: wani ne ke amsa ma mashinanku da safe kafin sarber ya amsa, yana ce musu ni ne mai masauki. Tunda ka ce babu wani buwat, to saura na wurin shef. Wataƙila ɗaukewar kuran, wutar lantarki, ta sa ya manta saitinshi. Ka duba ƙarƙashinshi ko lambar nan 0.1 ce a rubuce, ka kuma roƙi shef ya dawo da Mas'udu wata rana da ba Talata ba. Abin da ban gane ba shi ne mi zai sa buwat ɗin shef ya huta ranar Talata. Na juya shi ta ko'ina bai zauna ba.

Kai ma ban gane ka ba. Kai da ke ba ni labarin launin goshin saniya, na yi maka tambaya ka amsa da layi ɗaya kamar wanda ya taka wani abu ya tsaya a kai. Kuma takarda ta cika da Dabora, Hamida ko gaisuwa ba ta aiko ba. In akwai wani abu tsakaninka da matar nan, ko kai ne ka taɓa wani fil, wata wayar mashin, kana tsoro, ka faɗa mini yanzu. Wata yana tafiya.

Mardiya


Mayahi, ranar Litinin

Mardiya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Maganarki ta yi mini zafi, na kwana da ita. Dabora kamar yayata ce, kuma ban taɓa fil ɗin kowa ba. Amma kin yi gaskiya, akwai abin da na tsaya a kai.

Buwat ɗin shef ba shi ba ne, lambarshi daban. Mas'udu kuma ba shi da mota sai ta Talata.

Ban yi miki ƙarya ba, a cikin biro babu. Ki karanta abin da zan rubuta a hankali, don hannuna ba ya son rubuta shi.

Da bazarar da ta wuce grup ɗinmu, injin wuta, ya mutu, kuran kuma babu, maganin allura na cikin firigo zai lalace. Wani dattijo maƙwabcinmu ya jawo wuta daga fanonshi na rana ta kan katanga ya riƙe mana firigon har aka gyara, bai karɓi komi ba. Shef ya rasa abin da zai saka mishi, sai ya sa aka huda katanga aka miƙa mishi fil ɗaya na intanet, ya jona tsohuwar ordinatar da yake sa ma mutane waƙa a salula. Kowa ya sani, kowa ya manta, don an daɗe babu abin da ya faru.

Kin san in na shiga wurin dattijon nan ba na ɗaga kai. Ina cire takalmi, in durƙusa, in miƙa salula, idona na ƙasa. To wanda idonshi ke ƙasa ƙarƙashin tebur yake gani. Fil ɗin nan yanzu ba ordinatar yake shiga ba. Yana shiga wani ƙaramin abu fari mai ƙaho biyu, da ƴan fitilu kore, samari na zama bakin shago suna kama wifi da shi. Ya sawo shi Maradi, kuma da na yi tunani, a makon ne zoben ya fara. Ranar Talata dattijon yana tafiya cin kasuwar ƙauye. Yana kashe komi ya rufe shago tun da asuba.

Tun takardarki ta fari na gane. Na yi ta fatan ki ce mini buwat ɗin shef ne.

Kada ki ce in je in cire. Mutumin da ya ba ni ɗiyarshi, wanda ko sunanshi ban taɓa kamawa ba, ni zan tsaya gabanshi in ce kayanshi ne suka tsayar da shanun mutane a rana? Ko in kai shi gaban shef? Ba bakina ba ne zai faɗi wagga magana. Ta manya ce. Ki kira Kawu, ke ɗiyarshi ce kina iya gaya mishi komi, ki ce ya shigo gari ya zauna da shi su biyu. In Kawu ya faɗa, za a cire cikin mutunci, babu wanda zai ji.

Ki yi sauri. Dabora ta fara tambayar ko ana neman mai koyar da yara a Tasawa.

Mutari


Agadas, ranar Asabar

Mutari,

Lafiyata lau, amma raina a ɓace. Malam Danda! Ni ba surukina ba ne, zan rubuta sunanshi. Makonni kana riƙe da amsa a aljihu, ni ina nan ina zargin buwat ɗin shef. Na kira salularka don in zage ka, shi ne ya ɗauka, na gaishe shi na ce lafiyar Goggo nake tambaya.

Shi ma ba shi da laifi, bai sani ba. Irin wannan buwat in aka jona shi ta ramin da ba daidai ba, sai ya riƙa raba lamba ga duk mashin da ya ji ta tashi, har ta bayan katanga, yana cewa shi ne DNS. Ƙarami ne, ya fi sarber saurin baki. Gyaran bai kai shan shayi ba, har wifinshi ba zai rasa ba in mai gyara ya saita mishi.

Na samu Babana, Kawunka, da ƙyar, sai da ya hau tudu. Ya ce ya ji, zai shigo in ya samu wanda zai bar ma shanu. Ka san Baba da lokaci.

Abu ɗaya nake roƙonka, ka sa shi a kai. Duk ranar da za a cire buwat ɗin nan, Dabora ta kasance zaune kan kujerarta, kowa na gani. Ka gaya ma Baba kafin ya je. Ni na manta ban ce mishi ba, kuma layinshi ya sake ɗaukewa.

Mardiya


Mayahi, ranar Alhamis

Mardiya,

Assalamu alaikum. Jikin kowa lafiya. Takardarki ta Asabar yau Gazali ya miƙo mini ita. Da ma ta zo shekaranjiya.

Kawu ya shigo ranar Talata da yamma, bai biyo ta wurina ba, kai tsaye ya wuce can, lokacin Baban Hamida ya dawo daga kasuwa. Hamida ta ce sun zauna kan tabarma har aka kira magariba, suna maganar kara da tsadar dusa, sai da Kawu ya tashi sa takalmi ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba bai yi musu ba. Ya ce subhanallahi, da ya sani. Ya cire abin da hannunshi ya sa a leda. Kawu ya koma daji. An yi komi cikin mutunci yadda na roƙa.

A Talatar nan ɗin, da Dabora ta dawo daga Attantané, shef ya ce mata daga gobe ta zauna gida har ƙarshen wata, don an yi hayaniya bakin taga ranar Litinin, wani ya buga sanda a ƙarfe.

Jiya Laraba na kunna mashin. Huda ta rubuta sunanta, kafin ta gyara zama ta buɗe. Ta shef ma haka. Takardu na ta fita, kafin hantsi layi ya ƙare. Kujerar Dabora babu kowa.

Huda ta kalli kujerar ta kalli shef. Shef ya daɗe tsaye, sannan ya ce, "Allah mai iko." Tsohon nan na bakin taga ya ce, "To, mu da ba mu yi lakwal ba mi muka ce?" Yau ma lafiya lau. Mutane har barka suke yi mana.

Na je gidanta da yamma. Tana wanke ma yara kaya. Ta ce, "Na ji an ce ta gyaru." Na ce ta gyaru. Ta ce, "To madalla, shanu sun huta." Ta ci gaba da wanki. Sai ta ce, ba ta kalle ni ba, "Mutari, ko dai ni ce?"

Ni na jawo wannan da haƙurina. Kada ki aiko da amsa, ba za ta iso kan lokaci ba. Shef zai rubuta ma Maradi ranar Litinin.

Mutari


Mayahi, ranar Laraba

Uwargijiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Inna lafiya, amma ba ta yi mini magana sosai kwanan nan, za ki ji dalili.

Ranar Lahadi na je shagon da kaina. Na jira samari suka watse, na cire takalmi, na durƙusa. Ya miƙo hannu yana zaton salula na zo karɓa. Na ce, "Baba, aron abin nan na zo, wanda ke cikin leda."

Ya janye hannu. Ya ce, "Kawunka ya zo, na yi abin da ya ce. Akwai saura?"

Na ce, "Akwai, Baba. An kori mace a kanshi. Ina son in kunna shi gaban shef, ita ba ta nan, a gani."

Ya ce, "Gaban mutane."

Na ce, "Gaban mutane, Baba."

Ya ce, "Ka san abin da za a ce a gari? Za a ce ni na shanya dabbobin jama'a a rana don samari su kalli ƙwallo. Kuma a ce wa ya tona? Yaron da na ba ɗiya." Idona na ƙasa. Ya ce, "Ɗago ka dube ni, tunda yau kai ke magana." Mardiya, na ɗago. Ban taɓa sanin yana da tabo a gira ba.

Ya shiga ciki ya fito da ledar ya aje gabana. Ya ɗora salulata a kai, ko rabi ba ta cika ba. Ya ce in nemi wani wurin sharje.

Litinin da safe, layi ya jeru, na ce ma shef ina roƙon ya ba ni lokacin tafasa shayi ɗaya kafin ya rubuta takardarshi. Na jona abin a ramin fil da ke bayan kabad, na kunna mashin. Huda ta rubuta sunanta. Zobe ya fito. Ya yi ta juyawa, har na waje suka leƙo. Na cire, na sake kunnawa, ta buɗe nan take. Shef ya ce in sake. Na sake. Ya ce Huda ta buɗe baƙar tagar da hannunta, na karanta mata abin da kika rubuta, lambar nan ta fito, na juya cikin buwat ɗin na nuna musu ita a rubuce. Huda ta rufe baki da mayafi.

Shef ya tambayi na wane ne. Na ce na maƙwabci ne. Ya kalli hudar katanga ya daɗe, don ya san wanda ya sa aka huda ta. Ya ce, "Ka iya zuwa ka same ni ni kaɗai." Na ce, "Ba kai kaɗai ka ji an zage ta ba, shef." Ban san inda na samo wannan bakin ba. Tun ranar kuma da kanshi yake aika a sawo mishi shayi waje. Amma ya rubuta ma Maradi a sabunta mata, na ga takardar, kuma ya kira Mas'udu ya zo ya rufe ramin ya saita sarber.

Daga gidan su Hamida ba a ce an fasa ba, ba a ce ana nan ba. In na wuce shagon ina gaisuwa, yana amsawa da hannu.

Dabora ta dawo yau. Ta rubuta sunanta, mashin ta buɗe. Huda ta kawo mata ƙosai a takarda, ta karɓa ta aje gefe. Sai dai waɗanda suka ga abin ranar Litinin sun koma daji da shanunsu, na yau wasu ne, daga rugage masu nisa, kuma maganar farko ce ta kai musu. Suka jeru duka tagar Huda, layi har bakin hanya. Tagar Dabora babu kowa. Na fita na ce musu ga taga nan a buɗe. Suka kalle ni suka kau da kai.

Can da hantsi sai ga Kawu da sandarshi, ya zo karɓar takardar shanunmu. Ban san abin da ya ji ba, bai kalle ni ba. Ya dubi dogon layin, ya wuce shi, ya tsaya gaban Dabora ya ce, "Ɗiyata, a rubuta mini." Ta rubuta, ta miƙo, ya karɓa daga hannunta ya ninke ya sa cikin hula. Wani daga layi ya ce, "Malam, ba ka ji ba?" Kawu ya ce, "Na ji. Shanuna ƙishirwa suke ji." Ya tafi.

Na tsaya ina kallon layin har aka tashi. Bayan shi babu wanda ya matso tukuna. Gobe da safe zan buɗe tagarta kafin ta Huda.

Naki,
Mutari